Sau Uku, Bayan Abinci

A Potosi, can ƙasar Bolibiya,
inda dutse ya tsaya a kan gari kamar mai bin bashi,
ina da ɗaki ɗaya, tebur, kujera biyu,
da agogon bango wanda ya fi ni iko.
Minti bakwai ga kowane mutum.
Haka na tarar, haka na bi.

Anacleto Huanca ya shigo, hula a hannu.
Shekara ashirin da shida yana haƙar ma'adini a cikin dutsen nan,
yanzu dutsen ya biyo shi gida,
ya tare a ƙirjinsa.
In ya yi tari, sai ka ce ana jan buhun tsakuwa a kan siminti.

Hoton huhunsa na duba, shi kam ban dube shi ba.
Na zazzage masa kalmomin da na sayo da tsada a makaranta,
na ce, "Ƙwaya ɗaya, sau uku a rana, bayan abinci.
Ka gane?"
Ya ce, "Na gane, likita."
Na rubuta: majinyaci ya fahimta.

Bayan wata guda ya dawo.
Wuyan riga ya yi masa yawa,
kwalbar magani na kacau-kacau a aljihu,
ko rabi bai sha ba.
Raina ya ɓaci. Har na ɗora yatsu
zan buga sunan da muke liƙa wa irinsu:
mai taurin kai.

Sai wuta ta ɗauke.

Allon kwamfuta ya mutu.
Babu abin kallo a ɗakin sai fuskarsa,
da wani tabo a gira wanda ban taɓa lura da shi ba.
Don dai in cike shirun na ce,
"Faɗa mini yadda kake wuni."

Ya juya hular sau biyu kafin ya yi magana.
Ya ce yana tashi kafin zakara,
ya kurɓi ruwan zafi,
ya cusa ganyen koka a kunci, shi ke riƙe cikinsa har duhu.
Da dare Bernardina ke dafa romon dankali.
"Kin ce bayan abinci, likita.
Abincin sau ɗaya ne.
Ban so in saɓa maganarki ba."

Na ce, "Me ya hana ka faɗa?"
Ya ce, "Kina rubutu.
A gidanmu ba a katse mai rubutu."

Ashe wata guda cur
yana yi mini biyayya, tana cin namansa.

Na jawo kujerata ta zagayo teburin.
Na yagi takarda, na zana rana tana fitowa,
rana a tsaka, da jinjirin wata wanda ya karkace
har ya ba shi dariya, dariyar ta zama tari.
Muka yi ciniki: gutsuren burodi ma abinci ne.
Na ce, "To, yanzu kai ne likita. Koya mini."
Ya maimaita, rabi da harshen gari, rabi da na mahaifiyarsa,
ya gyara mini wuri ɗaya:
tsakar rana ba ta isa cikin rami,
sai dai in zana ƙararrawar canjin aiki.
Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wuta ta dawo. Ban waiwaya ba.
Teodosia ta ƙwanƙwasa ƙofa, layi ya kai bakin titi.
Ya miƙe, ya sake zama,
ya fito da tambayar da ya daɗe yana goyo:
"Zan ga jikata ta gama makaranta?"

Na ce, "Ajinta nawa?"
Ya ce, "Huɗu."
Na ce, "Ban sani ba. Amma zauna, mu ƙirga tare."

Agogo ya ci gaba da harkarsa.